Magajin Baba a Gonar Goro

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin goro ne a Zangon Kumasi tun kafin a haife ni. Mafi kyawun goron da yake ɗaure wa fatake yana fitowa ne daga gonar wani dattijo Ba'asante, amininsa, wanda ba ya sayar wa kowa sai shi.

Da gwiwoyin Baba suka fara gaza hawan mota, sai ya tafi da ni ƙauyen domin ya damƙa ni a hannun dattijon. A lokacin ina da iyali, na kuma ƙware a zaɓen goro da ɗaurin huhu. Bayan an gaisa an sha ruwa, Baba ya kira shi da laƙabin da suke girmama dattawansu da shi, ya ce, "Nana, ga magajina."

Dattijon ya ƙare mini kallo, sa'an nan ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji, wannan ai ɗan matarka ne. Ina ɗan ƙanwarka?"

A al'adarsu ɗan 'yar'uwa ke gadon mutum. Baba ya san haka sarai, bai dai taɓa zaton za a auna gidansa da mudunsu ba. Ya yi bayanin shari'a har muryarsa ta dushe. Dattijon ya saurara cikin ladabi, ya ce idan ba a kawo magajin gaskiya ba, goron bana babbar kasuwar Kejetiya zai kai shi.

To, ɗan goggona tela ne, ko cin goro ba ya yi. Da muka komo, Baba ya aika a kira shi, ya sa masa babbar rigarsa ta Juma'a, muka koma ƙauyen mu uku. Dattijon ya rungume shi, ya sa aka yanka masa tunkiya. Taubashina ya gyara zama a kan kujera, ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Nana, ni hidima ta yi mini yawa. Wannan yaron nawa shi zai riƙa zuwa. Yana da ɗan hankali."

Baba ya sunkuyar da kai, yana danne dariya.

Dattijon ya amince, bisa sharaɗin magaji ya riƙa zuwa gaisuwa kowace kaka. Haka cinikin ya tabbata a hannuna har na aurar da 'ya'yana. Kowace shekara kuwa ni ne a bayan mota tare da huhuna, tela yana gaba kusa da direba, yana leƙowa yana tambaya ko yaronsa ya ɗaure kaya da kyau.