Rundunar da na haɗa babu rijiya

Akwai wata yamma a gidanmu na Ayigya Zango da har in tsufa ba za ta fita daga raina ba, ko da yake in aka tambaye ni abin da na fahimta a ranar, sai in ce kusan babu.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina karanta adabi. Yayana ya tafi bautar ƙasa can arewa, wani ƙauye da sai an hau tudu waya ke shiga. Tun rasuwar mahaifinmu kawunmu ne ke riƙe da gidan, shi ke ba ɗalibai hayar ɗakunan baya. Da aka kusa komawa makaranta ya ce ɗakin Yaya ba zai zauna a banza ba. Garin kwashe kaya sai ya jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado. Ya buɗe, ya tarar da katuna maƙil: dodanni masu fukafukai, mayaƙa masu ƙaho, ƙwarangwal riƙe da takobi.

"Karta!" in ji Kawu. "Karta a gidan nan, har da hotunan aljanu a kai. Yau murhu zai ci su."

Tun yana sakandare Yaya yake tara katunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana musanya da abokai, yana sa wa kowanne rigar leda. Ranar da na raka shi hawa trotro, motar haya, bai ce in kula da littattafansa ko kekensa ba. Kwalin nan kaɗai ya bar mini amana.

"Kawu, ku yi haƙuri, ba caca ba ce," na ce. "Wasa ne na tunani."

"Ke kin iya?"

Ban taɓa yin wasan ba. Hotunan kawai nake kallo.

Kaka ce ta raba gardamar. Tana zaune tana yankan kuɓewa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ka bari tukuna. Ga 'yar boko nan, gobe bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma ta nuna mana yadda ake yi. In caca ce, ni da hannuna zan hura maka wutar."

Na ruga wurin wata ɗaliba 'yar Asante da ke haya a ɗakin ƙarshe, mai karatun injiniya, wadda suke wasan da Yaya a ƙarshen mako. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. "Ei, sista, ka kwantar da hankali," ta ce. "Abu ne mai sauƙi." Ta bayyana mini cewa ba da dukan kwalin ake wasa ba. Kowa zai zaɓi kati arba'in ya haɗa rundunarsa, abin da suke kira dek. A ciki akwai katunan rijiya, ana ajiye ɗaya a kowane zagaye. Kowace halitta kuma tana da lamba a kusurwa, wato yawan rijiyoyin da ake bukata kafin a kira ta fili. Wanda halittun abokin wasa suka ƙarar masa da rai, an cinye shi.

Har nan ina biye da ita. Sai ta shiga ba ni shawara. Ta ce in cika dek da ƙananan mayaƙa masu arha, in kai hari tun da wuri, kada in bari abokin gaba ya numfasa. Da safe kuma Yaya ya samu ya hau tudunsa ya kira, muryarsa tana yankewa. "Kar ki yi gaggawa... ki tare hanya... ki jira babban dodon nan... rijiya kuma, kar ki kuskura ki..." Layin ya mutu. Kar in kuskura in me? In sa da yawa, ko in sa kaɗan? Na kira har na gaji, bai shiga ba. Na koma wurin 'yar hayar, ta ce ai dabarar yayana ta tsufa, ita ma takan cinye shi. Ta ƙara da cewa katunan launi-launi ne, launi biyu kawai zan haɗa, amma wani lokaci uku ya fi, sai dai ga sabon shiga ɗaya ya fi duka. Na fito daga ɗakinta kaina ya fi lokacin da na shiga nauyi.

Na zazzage kwalin a kan gadona, na zauna a tsakiyar katunan kamar wadda aka ce ta tsince tsakuwa daga buhun shinkafa. Can sai wani tunani ya zo mini, wanda a lokacin na ɗauka hikima ce. Ai ba 'yar hayar nake son in ci ba, zuciyar Kawu nake nema. To me zai sa in ajiye masa ƙaho da haƙora a gabansa? Na ware duk wani mai ƙaho, duk mai jan ido, duk ƙwarangwal, na tura su ƙarƙashin matashi. Ban san su ne masu arhar ba. Na ɗauki wata mace ɗauke da wata a cikin ƙwarya. Na ɗauki farin tsuntsu wanda fukafukansa ruwan sama ne, da wani sarki mai barci a gindin kuka, da giwa mai gari guda a bayanta. Kowanne na ɗaga sai in ji kamar baitin waƙa ne ya faɗo mini a hannu. Lambobin da ke kusurwa manya ne, na ce ai girman lamba girman daraja ne. Rijiyoyin kuwa duk hoto ɗaya ne, dutse mai ruwan toka da guga a gefe. Na ga maimaici ne, kuma malamanmu sun hana mu maimaici. Na sa guda uku don kada a ce na raina su.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ya zauna a benci da carbi a hannu, Kaka ta jawo 'yar kujerarta, ɗalibai suka leƙo daga ƙofofinsu. 'Yar hayar ta raɗa mini a kunne, "Zan yi a hankali, ka ci ni, shi ke nan."

Na ja katuna. Hannuna ya cika da kyau, ga mai wata, ga giwa, ga tsuntsu. Rijiya babu. Ita ta ajiye rijiya, ta kira wani ɗan ɓera mai mashi. Ta dube ni.

"Na wuce," na ce.

Zagaye ya dawo, na ja sarki mai barci. Na wuce. Ya sake dawowa, na wuce. 'Yar hayar ta fara zare mini ido, tana motsa leɓe ba sauti. Ni kuma ina ta juya katunan, ina neman inda ƙa'idar ta ɓoye da za ta bar ni in ajiye ko ɗaya. Na tuna Yaya ya ce in jira, na tuna ita ta ce in kai hari, kuma ga shi ba na iya yin ko ɗaya daga ciki. Baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta ta faɗi. Ta riƙe manyan katunanta, ta yi kamar ta manta da wasu. Amma ɓeran nan shi kaɗai ya yi ta sukata da mashi har raina ya ƙare.

"An gama?" Kaka ta tambaya. "Ni dai na ga jikata tana fifita da takardu."

Ɗalibai suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce a sake. Aka sake, rijiya ɗaya ta fito, ta zauna ita kaɗai a gabana, ɓera ya dawo da ƙannensa. A karo na uku idona ya ciko, ina ganin murhu a bayan Kaka yana hayaƙi.

"Miƙo nan," in ji Kawu. Shi mutumin dara ne, ba ya iya kallon ana ɓata wasa. Ya baje dek ɗina a tabarma, ya sa 'yar hayar ta sake bayanin lambobin. Ya dube ni ta saman tabarau. "Duk waɗannan manyan baƙin kika gayyato, da rijiya uku za ki shayar da su? Ina masu aikin?"

"Suna ƙarƙashin matashi, Kawu. Masu ƙaho ne, na ga ba za ku so ganinsu ba."

"Ɗauko su."

Ya zauna a tabarma, ya naɗe hannun riga. Ya cire giwata, ya cire sarkin, ya zuba rijiyoyi, ya ɗaga ƙwarangwal yana yamutsa fuska, ya ce a'uzubillahi, ya tambayi lambarsa, ya sa shi a ciki. Mai wata kaɗai ya bari, ya ce ko don baƙunta. Suka buga da 'yar hayar, wannan karon ba ta raga ba, ta cinye shi. Ya canza katuna biyu, ta sake cinye shi, amma da ƙyar. Sai ga kiran magariba.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Kaka ta ce, "To, in hura wutar?"

"In da caca ce," in ji shi, "da ko sau ɗaya sa'a ta faɗo wa yarinyar nan. Wannan in ba ka yi tunani ba, ko ɓera sai ya kashe ka." Ya rungumi kwalin a hammata. "A ɗakina zai kwana," ya ce, ya juya ga 'yar hayar. "Maame, gobe ki zo da ɓeran naki."

Har na yi alwala ban gane ko nasara na yi ko faɗuwa ba. Da Yaya ya dawo hutun salla, kafin ya ajiye jaka Kawu ya tare shi a ƙofa da tambayar me ya sa babban dodonsa ke shan rijiya har bakwai.

Shekaru sun wuce, yanzu ni ma ina da dek ɗina, kuma mai wata tana ciki, da rijiyoyin da za su ishe ta. Abin da yammar nan ta koya mini shi ne, in za ka kare abin da kake ƙauna, ka nuna shi yadda yake, da ƙahonsa da duwatsunsa. Ni na ɓoye munanan don in ceci kwalin, ashe su ne ke ɗauke da kyawawan.