Jan Zaren da Inna Ta Ɗaura a Tsakiya

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana wata takwas, na yi wata tafiya wadda yanzu in na tuna sai in yi murmushi, amma ranar ba abin murmushi ba ne. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce kowace ta rubuta wa 'yan'uwa abin da ya taɓa faruwa da ita. To ga nawa, ku yi haƙuri da hannuna.

Haƙori ne ya zo wa yarinyar da zawo da zafin jiki. Kwana uku in ta kama nono sai ta saki. Maigidana ya bi motar gyaɗa zuwa Katsina, gida saura ni da surukata, wadda nake kira Iya. Na aika wa mahaifiyata, Inna, da ke wani ƙauye a tsallaken iyaka kan hanyar Maradi, don ta san itatuwa, duk yaran ƙauyensu ita ke haɗa musu magani.

Ranar kasuwar garinmu Jibiya da hantsi sai ga Kawu, ƙanen Inna, mai fataucin kanwa da jakai. Ya miƙo mini igiyar rama ɗaya. An lanƙwasa bakinta na sama an yi wurin ratayewa, ƙasa da shi kuma ƙulli biyu na farin tsumma, ɗaya bisa ɗaya.

Ya ce, "Ga saƙon uwarki. Ɗaya na sha ne, a dama a kunu. Ɗaya na wanka ne, ta ce ko leɓe kada ya taɓa. Na wankan shi ne mai jan zare."

Na duba. Jan zaren ba a jikin ƙulli yake ba, a jikin igiyar yake, tsakanin su biyun. Na auna da hannu: yatsu uku zuwa na sama, yatsu uku zuwa na ƙasa.

Na ce, "Kawu, wanne ne mai jan zaren?"

"Ga shi kina gani, mai ja."

"Na sama ko na ƙasa?"

Ya karɓa, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ɗiyata, ni jakai nike kora. Da ta ba ni, cikin mangala na tura."

Iya ta fito daga ɗaki ta amshi igiyar. Ba ta ko ɓata lokaci ba. Ta ce, "Mi ye abin wahala? Sai an gama ƙulla abu kana a sa mishi shaida. Daga sama ta fara: ta ƙulla na wanka, ta bi shi da ja. Na ƙasan ne na sha. Kawo kunun."

Gaskiya ne, a gidan Iya haka ake yi. Ko irin kuɓewa za ta rataye, sai ta ƙulla sannan shaida ta biyo baya. Amma ni na tashi ina ganin Inna tana rataye iri a ɗaki, kuma kamar na tuna ita shaidar take fara ɗaurawa, ƙullin ya biyo. In haka ne, na ƙasan da Iya ke kwancewa shi ne wanda ko leɓe kada ya taɓa. Sai dai "kamar na tuna" ne. Lokacin da Inna ke wannan aiki ni hankalina na wurin wasan carafke.

Aka kwance bakin kowanne kaɗan. Duka gari ne ruwan ƙasa. Iya ta dangwala a harshe, na sama ɗaci, na ƙasa ɗaci. Kawu ya ce a gwada wa akuya a gani.

Iya ta ce, "Akuyar wa? Ka gwada wa jakinka, ai shi ya ɗauko."

Kun san yadda ake kunyar ɗan fari. Ni ko sunan yarinyar ban taɓa kira ba, in Iya na wurin ko kallonta ba na cika yi. Balle a ce in musa wa suruka. Na kawo kunun kamar yadda ta ce. Iya ta ɗebi garin ƙullin ƙasa a tafin hannu. Yarinyar na kwance bisa tabarma, idanunta sun faɗa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Iya, ba za ta sha ba."

Kawu ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Iya ta dube ni ta daɗe. Na sunkuyar da kai na gaya mata abin da nake tunawa, na ce ban tabbata ba, kuma rashin tabbatar ne ya hana ni.

Ta mayar da garin, ta ƙulle, ta kakkaɓe hannu. Ta ce, "Ɗauko mayafinki. Ki je ki tambayi mai ƙullin. In ɗana ya dawo ni zan ce na aike ki."

Kawu ya bar kanwarsa wurin abokinsa a kasuwa, ya ɗora ni a jaki da goyo a baya. Rana ta take, ni kuwa kowane ɗan lokaci sai in kai hannu baya in ji ko tana numfashi. Kawu ya ce in na ci gaba da haka ni zan tashe ta da ciwon haƙarƙari.

A bakin iyaka, wurin 'yan duwan, wato kwastan na ɓangaren Faransa, wani mai jar hula ya ga igiyar a hannuna ya karɓa. Ya ce, "Mi ne wanga?" Ya fara taɓa ƙullin zai kwance. Na roƙe shi don Allah ya bar ta yadda take, na ba shi labari a gurguje. Ya ɗaga igiyar ya ƙare mata kallo.

Ya ce, "Ikon Allah. Mu a gidanmu ba a sa zare, na wanka ƙulli biyu ake mishi." Ya leƙa fuskar yarinyar, ya miƙo mini. "Ku wuce, ku yi sauri."

Da la'asar muka isa. Inna na sussuka, tana ganina ta jefar da taɓarya. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta kwance goyon ta taɓa maɗigar yarinyar. Sannan na miƙa mata igiyar na ce wanne ne na wankan.

Ta ce, "Wannan ya taso ki tun daga Jibiya? Na ƙasa mana. Ai kowa ya sani, shaida ke gaba, kaya na biye."

Kawu ya ce, "Kowa, banda ni, banda surukarta, banda mai jar hula." Ya kwashe duk abin da ya faru ya gaya mata, har garin da aka ɗeba a tafin hannu.

Inna ta zauna bisa wani turmi da ke kife. Ta shinshina kowane ƙulli, ita da kanta, kamar ba ita ta ɗaura ba, sannan ta tashi ta dama kunu da na saman. Yarinyar ta sha ludayi biyu, ta yi barci a cinyarta. Ni kuwa sai a lokacin na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya, Kawu na cewa a ba ni ragowar kunun.

Kafin magariba Inna ta yage tsohon jan kallabinta, ta naɗe ƙullin wankan gaba ɗaya a ciki, ta ɗinke bakin. Ta yanke igiyar biyu, kowanne da tasa. Ta ce, "Daga yau ba sauran zare a tsakiya. Jan na jikin abin, ko kuma babu."

Kwana biyu na yi, haƙorin ya huda, zawon ya tsaya. Ko maganin ne, ko lokacinsa ne ya yi, Allah ne masani.

Abin da na riƙe shi ne, ba wanda ya yi sakaci a cikinsu. Inna ta ɗaura yadda uwarta ta koya mata, Iya ta duba yadda tata ta koya mata, kowacce na ganin hanyarta ce ta duniya duka. Igiyar kuwa ba ta magana. Tun daga nan duk abin da zan aika, ko gishiri ne, a jikinsa nake sa shaida, har maƙwabta na yi mini tsiya wai saura in ɗinka wa kaji jar riga.

Da na dawo Jibiya, Iya ta karɓi jikarta ta yi ta jujjuya ta. Ta ga ƙullin a naɗe cikin ja, ta ce, "Haka ya kamata tun farko," ta rataye shi can sama inda hannun yaro ba ya kai. Yarinyar yanzu har tana ɗebo mata ruwan alwala. Iya ba ta taɓa tambayata wanne ne na wankan ba, na sama ko na ƙasa. Ni ma ban taɓa gaya mata ba.