Maiwada da Motar Awaisu

Ni Manu nake, mai faci. Rumfata na jingine da garejin Maiwada a Funtuwa, bakin hanyar Bakori. Shekara da shekaru ina kallon mutumin nan yana aiki, kuma wallahi ban taɓa ganin bakanike mai taurin kai irinsa ba. Aikinsa ɗaya ne, ƙafar gaban manyan motoci. Idan babbar mota ta fara yawo a titi, direba na riƙe da sitiyari amma ita tana neman inda za ta, to wurinsa ake kawo ta.

Ɗan manoman auduga ne daga Ƙarfi, gajere, mai ƙaton wuya, magana kamar ana sayar masa da ita. Idan aka kawo mota, sai ya fara turo mini tayoyi in duba iska. Sannan ya ɗaga gaban motar, ya girgiza taya sama da ƙasa, ya kwanta a ƙarƙashi ana kaɗa sitiyari yana bin kowace gaɓa da tafin hannu. Kuma yana da doka wadda direbobi suka tsana: ba ya sallamar mota sai an zaga da shi a cikinta da lodinta. Ka yi ta masifa, goronsa kawai zai ci gaba da tauna.

Awaisu kuwa amininsa ne, mota ɗaya ta kawo su Funtuwa suna samari. Direba ne, motar wani yake ja, ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa taka ko akuya ba, kuma kujerarsa ba mai hawa, ko wankin mota ake yi. A kakar bara ya fara kawo ƙara, wai motar na zamewa dama, tana neman sauka titi. Maiwada ya canza bushin, wato robobin da ke gaɓoɓin ƙafar gaba. Ta dawo. Ya ɗaure sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar, ya daidaita tayoyin gaba. Ta sake dawowa. Ni kaina na sha zagi, wai iskata ce ba daidai ba. Iskata! Ni da nake wannan aiki tun kafin a faɗaɗa titin.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi Awaisu ya shigo da lodin masara. Washegari zai kwashi leburorin girbi a saman buhuna, mutum cike da bodi, ya kai su gonakin Malumfashi. Maiwada ya kwanta a ƙarƙashin motar har rana ta take. Da ya fito fuskarsa ba daɗi.

"Babu inda take wasa, Awaisu, komai a ɗaure yake," in ji shi.

"To ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba. Tashe ta mu je. Manu, rufe rumfarka ka zo ka saurari tayoyinka."

Na shiga na zauna bakin ƙofa, Maiwada a tsakiya. Muna fita gari na ji abin da Awaisu ke faɗa. Motar ta miƙe, ta miƙe, sai ta fara lallaɓawa dama, har tayar gaba ta ci tsakuwa, sai Awaisu ya fizgo ta da ƙarfi, buhuna su yi nishi a baya. Na dubi Maiwada, sai na ga shi ba titi yake kallo ba, ba kuma sitiyari ba. Yatsunsa biyu na kan sitiyarin ta ƙasa, idonsa kuma na kan fuskar Awaisu.

Sai a lokacin ni ma na lura. Awaisu ya karkatar da kansa dama, kamar mai leƙen ƙofa, yana kallon titi da gefen fuska.

Mun wuce Bakori kaɗan, sai ga amalanken shanu a gefen titi ta hannun dama, cike da karan dawa, wata dattijuwa na zaune a sama da ƙwarya a cinya. Ni ina ganinta sarai. Motar ta fara lallaɓawa wajenta. Na jira Awaisu ya fizgo. Bai fizgo ba. Bai danna oda ba, bai ɗaga ƙafa ba.

"Awaisu!" na ce. "Awaisu, amalanke!"

Maiwada ne ya danne sitiyarin da hannu biyu ya murɗa hagu. Motar ta yi kukan ƙarfe, ta rausaya, na ji kamar tayoyin gefe sun bar ƙasa. Karan dawa ya goge madubin da ke kusa da kunnena, ƙarar! Na waiwaya ina salati. Shanun sun zabura cikin gona, dattijuwar na nan a sama ta ƙanƙame ƙwaryarta, mai korar shanun yana ɗaga mana sanda yana zagi. Ya zage mu, ya yi daidai.

"Tsaya," in ji Maiwada.

Awaisu ya gangara ƙarƙashin wata ɗorawa ya kashe mota. "Ka gani ko? Ka ga abin da take yi?"

Haba! Na buɗe baki zan zazzage masa, Maiwada ya taka mini ƙafa. Sai ya miƙa tafin hannunsa mai baƙin giris, a hankali, ya rufe wa Awaisu idon hagu.

"Me ke gabanmu?"

Ga wata tirela ja tana tahowa, ko daga Danja ka hango ta. Ta zo ta wuce mu, iskarta ta kaɗa motar. Awaisu bai gan ta ba. Hawaye ne ya gangaro ta ƙarƙashin hannun Maiwada.

"Tun yaushe?" Maiwada ya tambaye shi.

"Tun damina. Kamar hayaƙi ya fara. Yanzu duhu ne. Kullum na kawo maka ita, addu'a nake ka samu wani abu a jikinta."

Wallahi fushina a nan ya mutu, tausayi ya kama ni har na kasa kallonsa. Mutum mai iyali, ba gona, ba wata sana'a.

"Gobe ba za ka ɗauki mutane ba," in ji Maiwada. "Asibiti za mu, ni zan kai ka. Mai mota kuma ba ni zan gaya wa ba. Kai za ka kai masa makulli da hannunka, tun sunanka na nan yadda aka san shi."

"In kuma na ƙi?"

"In ka ƙi, yau zan kwance sitiyarin nan in kai ɗakina in kulle. Ka san zan yi."

Ya sani. Can Awaisu ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zagayo ta gaban motar yana dafa ta. Na matsa na ba shi bakin ƙofa. Maiwada ya hau kujerar da ba wanda ya taɓa hawa, ya juya mu Funtuwa.

Motar ta miƙe santal, da lodinta da komai, Maiwada na riƙe da ita da hannu ɗaya. Muka wuce inda amalanken ya sauka, muka wuce Bakori. Awaisu ya dafa gaban motar, yana jin tafiyarta a tafin hannunsa.

"Ashe lafiyarta lau," ya ce a hankali. "Alhamdulillahi. Na yi ta zaginta a banza."