Kwalin Faifan da Aka Kai Shiling

Faifan garmaho ne na wasu samarin Turawa masu kiɗan fank, irin wanda ganga ke gudu, jita na ƙara, mawaƙi na ihu kamar an taka masa ƙafa. Na tsince shi a ɗakin ajiye faya-fayai na gidan rediyon da na yi aiki a Kano, ranar da aka ce a zubar da tsofaffin kaya. Bugun farko ne. An sha sake buga shi daga baya, har da mai launin ja, amma masu tara irinsa kwalin suke fara dubawa: takarda mai kaushi, haruffa a karkace, tawada ta zarce layi. Da gangan aka yi shi haka, kuma shi ne shaidar bugun farko.

Da shi na zo Guangzhou ta ƙasar Sin lokacin da na koma aikin tafinta. A gidana na unguwar Dengfeng wani Alhaji ɗan Maraɗi, mai fataucin jakunkuna, yake sauka duk zuwansa.

Akwai lokacin da bangon gidajen garin nan ke zufa saboda laima. Wata safiya na zare faifan, na jingina kwalin gaban fanka ya sha iska, na tafi Panyu aiki. Na dawo babu kwali.

"Malam, kwalin ga ya mutu," in ji Alhaji yana zuba shayi. "Mutum kamarka da tsumma! Na kai shi Shiling, lawban zai yi maka sabo."

Shiling garin masu aikin fata ne a gefen Guangzhou, lawban kuwa shi ne mai masana'anta. Na san aikinsu sarai, don ni nake fassara musu: duk abin da ka miƙa musu samfur ne, samfur kuwa farke shi ake yi a auna.

Washegari muka ɗauki mota. A hanya Alhaji na ta lissafo min kalolin fata, ni kuwa ina kallon gadoji.

Lawban ya ba mu shayi, ya kawo aikin. Jaka ce ta baƙar fata mai laushi, da zif. An buga hoton kwalin a gaba, an miƙar da haruffan, an share tawadar da ta zarce. Na tambaye shi tsohon kwalin da Sinanci. Ya jawo aljihun tebur ya fito da shi a yayyanke, kowane yanki da awo rubuce da jan biro.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Har rubutun sun gyara maka. Su Turawan ga ba su da magwaji ne?"

Na dubi fuskarsa. Murna ce zalla.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji," na ce.

Na zuba yankunan a aljihu. Ban faɗa masa abin da aka yanka ba, har yau. Faifan yana cikin jakar fatar, kuma gaskiya laima ba ta shigarta.