Ranar da Gwaggo Ta Fito da Ni Daga Ɗaki

Madain Fahd

Na fita daga gidana a unguwar Madain Fahd kafin kiran assalatu, ana yayyafi. Rabona da ƙofar gida tun ranar da aka ba da hutun sanyi. Sana'ata kai yara makaranta a mota, in an rufe makarantu ba abin da ke tashina. A irin wannan hutun bara matata Hauwa ta rasu. Bana maƙwabta sun kwashi 'ya'yansu sun tafi bakin teku gashin nama, ni kuwa ina kwance, ba ci ba wanka, waya na ƙara ina kallonta. Gwaggo Zainabu, ƙanwar mahaifina, ita ta aiko: in ban je gidanta a unguwar Ammariyya ba, za ta zo da sandarta.

Motata ta ƙi tashi saboda daɗewa a ajiye, sai na tare tasi. Direban ya ce, "Ammariyya? Ruwa ya cinye hanya. Sharafiyya zan ajiye ka, halas, shi ke nan."

A hanya 'yan sanda suka nemi iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar. Ɗaya ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. "Kai ne wannan?" Na ce ni ne. Ya daɗe kafin ya miƙo mini.

Sharafiyya

Bayan sallar asuba na haɗu da abokina Abakar tela a bakin masallaci. Ya ja ni muka zauna, ya sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi.

"Na sha buga ƙofarka, Isma'ila."

"Ina ciki."

"Na sani. Na ga takalmanka."

Na ci loma biyu na ture. Bai matsa mini ba.

Ammariyya

Daga nan a ƙasa na taka, ruwa har idon sawu, lunguna duk warin kwata. Na tarar da Gwaggo a kan gado, ƙafafu sun kumbura, ko tsayuwa ba ta iyawa. Ashe ƙodarta ce ta lalace, ni ban da labari. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ta ce, "Da mijina ya rasu, shekara na yi ban san ɗanɗanon gishiri ba, don haka ba zan ce maka ka daina ba. Amma ina da wankin ƙoda Asabar da Talata, kuma ba mai kai ni. A asibitin akwai likitan masu irin damuwarka, na tambaya. Ina kan inji, kai kana wurinsa."

Na ce, "Gwaggo, ba na iya komai yanzu."

"Tuƙi na ce, ba komai ba."

Komawa

Na isa gida bayan la'asar. Ɗakin na nan da duhunsa, nauyin ƙirjina ma ko kaɗan bai ragu ba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa tsohuwar da ko sau ɗaya ba ta tambaye ni yaya nake ba. Zan gyara motar, Asabar da asuba in je ɗaukarta.