Azumi Ashirin da Takwas

Shekara ukku na yi Malanbil ban yi sallar idi gida ba. Gidan kuma ba nisa gare shi ba, wani ƙauye ne bayan Gaya, in ka tsaya bakin gulbi nan Benin kana hangen itatuwan ƙasarmu. Tun ranar da na aje lakol, na bar karatun boko na bi motar albasa, Baba ya bar yi min magana. Ba ni ne ɗan hwari ba balle a ce kunya ce. In na gaishe shi sai ya dubi wani wuri.

Shekarar da nake ba da labari, ana saura kwana goma azumi, Inna ta kira ni ga salula. Ta ce Baba ya yi magana, ba da ita ya yi ba, da bango ya yi, amma ta ji. Ya ce in yaron can yana son a san ɗan gidan ga ne, ya zo ya tsaya kusa da shi hilin idi bana. Na ce ma Inna ina zuwa ko da iyo ne.

Azumi bisa hanya ya iske ni. Aikina bin kamiyo, babbar motar kaya, mu loda albasa Malanbil da Garu mu kai Kwatano, mu dawo da abin da munka samu. Ranar da anka ɗauka muna can kudu, na ga mutane sun ɗauka, ni ma na ɗauka. Ban tambayi kowa yaushe Nijar ta ɗauka ba. Na san wani zubin ana samun saɓani, amma kaina bai kawo min shi ba, wallahi ko sau ɗaya cikin watan.

Na yi shirina tsab. Ran ashirin da tara da sahe mu shigo Malanbil, in yi aski, in sai ma Inna atamfa da sabulu, da la'asar in ƙetare in kwana gida. In an ga wata gobe salla, in ba a gani ba jibi. Ko ta ina ina da sauran lokaci. Salulata kuwa tun muna garin Kandi bisa hanya ta mutu, ban damu ba.

Mun shigo da hantsi bai yi ba. Na wuce wurin wanzamina, wani tsoho Dandi da ke bayan kasuwa, wanda bai taɓa kirana da komi ba sai ɗan Nijar. Akwai wani mutumin Kamba zaune bisa banci yana jiran layi. Tsohon ya jiƙa min kai, ya aske gehe guda, sannan ya ce:

"Ɗan Nijar, kai ba ka salla ne?"

"Askinta ke nan nake yi, baba."

"Askin ta baɗi? Mutanenka tun jiya sunka ga wata. Yanzu haka suna hanyar idi."

Na yi dariya, don ya saba jana. Na ce yau ashirin da tara, wa ke ganin wata ran ashirin da takwas.

"Ku ai kun riga mu ɗauka da kwana guda," in ji shi. "Kullum gaggawa gare ku, ko wata bai gama shiri ba sai kun jawo shi."

Na juya wurin na Kamba, ko shi ya ƙaryata. Ya ɗaga kahwaɗa.

"Ni kar ka dube ni. Mu Sakkwato muke saurare, kuma ba ta ce komi ba tukuna."

Mutum ukku cikin rumfa guda, kowa da ranar sallarshi. Na miƙe da ruwa yana bin wuyana. Tsohon yana cewa in tsaya ya ida, minti biyu ne, na kihe hula bisa rabin askin na tare kabu-kabu.

Lokacin gada na ruhe, kowa ta jirgin ruwa yake ƙetarewa. Na iske jirgi saura mutum shidda ya cika, kuma mai jirgi ba ya tashi sai ya cika. Na zauna ina kallon rana tana hawa. Iska na kawo wani abu daga ƙetare, ko kabbara ce ko kunnena ne, ban sani ba.

Mai jirgin mutumin wajenmu ne, goro cike da bakinshi. Wata hajiya 'yar Malanbil da ke kusa da ni da buhun barkono ta harare shi.

"Kai ba ka jin kunya? Cikin azumi?"

"Hajiya, ni na yi salla. Ke ce ke azumi."

"To ai nan Benin kake."

"Ƙahwata ba ta taka Benin ba, cikin jirgi nake. Jirgin ko na Nijar ne."

Da munka tashi na matsa kusa da shi na tambaye shi a hankali, ni yanzu mi ke kaina. Na yi sahur Benin, zan sauka Nijar. Ya ce da mun wuce tsakiyar ruwa in ɗiba in sha, an gama. Hajiya ta ce in na sha tana shaida ran ƙiyama. Wani dattijo da bai yi magana ba tun ɗazu ya tambaye ni azumi nawa gare ni. Na ce ashirin da takwas, yau na tara. Ya ce wata ba ya ashirin da takwas. Na ce to in riƙe ke nan. Ya ce kuma haramun ne azumi ran salla. Na jira ya ƙarasa, sai ya koma kallon ruwa. Iska ta so ɗauke min hula, na danne ta, amma hajiya ta riga ta gani.

"Kai har kanka ma rabi ya yi salla, rabi bai yi ba."

Jirgi duka anka sa dariya. Ni ina neman tsakiyar gulbin da ido, ban gane inda take ba, ruwa dai ne ko'ina. Ban sha ba.

Daga bakin ruwa na hau wata moto. Tun kahin mu kai ƙauyenmu na hwara gamuwa da mutane cikin sabbin kaya, darduma bisa kahwaɗa, huskarsu na kallon gari. Dawowa suke. Na ce ma mai moto ya rage gudu, ba amfani.

Baba na zaure shi kaɗai, bai ko tuɓe babbar riga ba, ƙwaryar hura gabanshi. Na aje takalmi na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, barka da salla."

Ya dubi ƙwaryar hurarshi. Sannan ya ce, "Barka kadai."

Maganar hwarko ke nan cikin shekara ukku. Sai bakina ya ɓalle, na shiga bayani, kamiyo, Kandi, salula, wanzami, yadda Benin ta ɗauka baya. Yana saurare yana juya ludayi.

"Wato azumi kake."

"I, Baba. Ina ji."

"Kana ji."

Ya turo ƙwaryar da bayan hannu har ta taɓa gwiwata.

"Ba a azumi gidana ran salla."

"Baba, can ba salla ba ce yau."

"Nan can ne?"

Na ɗauki ludayin. Rabin zuciyata na cewa na ɓata azumi da rana tsaka ina sane, rabi na cewa wanga ne ya hi komi daidai da na yi cikin watan. Na sha ukku na aje. Ya ce in ƙara, na ƙara.

"Ka rama guda bayan salla," ya ce. "Da la'asar kuma ka koma. Gobe ka yi idi da mutanenka."

Mutanenka. Na so in tambaya su wa ke nan, ban iya ba. Na shiga cikin gida wurin Inna, hannu wohi, atamfar ma ban saya ba. Na ce mata Baba ya kore ni. Ta ce wane irin kora, mutum ya ba ka hurarshi da ludayinshi. Na ce ai ban tsaya kusa da shi ba, kuma abin da ya ce ke nan. Ta ce ya yi maka magana ko bai yi ba. Na ce ya yi. Ta ce to ci tuwo.

Da zan tahi na sake durƙusawa zaure. Na ce, Baba, in Allah ya kai mu layya ina nan tahe.

"Ka tambaya tukuna ta wace ƙasa," ya ce, bai dube ni ba. Kamar gemunshi ya motsa, ban tabbata ba.

Na sauka Malanbil ana kiran magariba, cikina cike da tuwon salla. Bakin ruwa masu lodi sun zauna layi bisa buhunna suna buɗa baki, wani ya miƙo min dabino ya ce barka da shan ruwa. Na tsaya da shi ga hannu ina tunanin ta inda zan hwaro mishi bayani, na ga abin da tsawo. Na ce barka kadai, na ci.