Koren da Marini Ya Zaɓa

A ɗakin binciken, Marini ake ce masa. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan, don takan ce ita mai rini ta aura, amma ko ɗankwali bai taɓa rina mata ba.

Aikinsa shi ne ya ɗiga rini a kan yankan tsoka mai sirantakar fatar albasa, ya ɗora a gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin da ke girmama abin da ido ba ya gani. In hasken madubin ya bugi rinin sai ya yi walƙiya: shuɗi a tsakiyar ƙwayoyin halitta, kore ko ja a jikinsu. Hasken da ke fito da rinin shi ke cinye shi. Saboda haka Marini ya yi shekara ashirin da shida a ɗaki mai labule baƙi, yana naɗe kwalabe da takardar alminiyam, yana korar masu kunna fitila.

A bangon baranda akwai hotuna goma sha huɗu da suka fito daga hannunsa. Ƙarƙashin kowanne akwai suna, babu nasa. Da ritayarsa ta rage mako guda, Farfesa mai ɗakin ya ba shi ragowar yankan ƙodar ɓera guda ɗaya, ya ce ya rina yadda ya ga dama, in ya yi kyau za a rataye da sunansa.

Kore iri biyu ne a firij. Ɗaya dusu-dusu ne amma yana jure haske. Ɗayan kamar wuta, sai dai ba ya kai minti uku a haske yake dushewa. Shekara da shekaru yana hana ɗalibai taɓa na biyun, yana ce musu rinin 'yan gayu ne. Amma ranar, na biyun ya ɗauka. Lissafinsa, zai leƙa sau ɗaya ya ɗauki hoto.

Da ya leƙa, bai taɓa ganin irinsa ba. Kowane bututu na ƙodar ya fito sarai. Ya rufe hasken da sauri, ya kunna kwamfutar da ke ɗaukar hoton, ta ce sai ta gama sabunta kanta.

Yana jira sai ga matarsa ta kawo masa maganin hawan jini da ya manta. Ba ta taɓa wuce baranda ba. Ya jawo mata kujera, ya buɗe hasken, ya ce ta duba da sauri. Ta cire tabarau, ta mayar. Ta rufe ido ɗaya, ta ce gashin idonta take gani. Ya gyara mata, ya sake gyarawa. Ya san minti nawa suka wuce, don ƙirgawa yake yi, amma bai rufe ba.

"Malam, wai ina rinin?"

"Yana nan. Kore ne."

"To, ni dai toka-toka nake gani. Amma da kyau, ka yi ƙoƙari."

Kwamfuta ta gama shirinta a daidai lokacin. Ya ɗauki hoton duk da haka, ya fito baƙi ƙirin.

Ranar sallama Farfesa ya yi jawabi, ya ce Marini mutum ne da bai taɓa kuskuren zaɓen rini ba. Aka ba shi fitilar tebur. Ƙusar da aka kafa wa hotonsa tana nan a baranda, masu shara na rataye tsumma a kai.